Yawan Jama'a da Adadin Kujeru a Majalisun Gundumomin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi a kan Tsarin Jihar Wiskonsin

A Amurka kusan kowace jiha an kasa ta gundumomi, kuma kusan kowace gunduma tana da majalisar da ke tafiyar da al'amuranta. Girman waɗannan majalisu ya sha bamban ƙwarai daga wuri zuwa wuri: akwai mai mutum uku, akwai mai kusan arba'in. An ɗauki Jihar Wiskonsin a matsayin misali a nan domin tana cikin jihohin da dokarsu ta ɗaure adadin kujeru da yawan jama'a a fili, sannan majalisun gundumominta suna cikin mafiya girma a ƙasar.

Mece ce majalisar gunduma, kuma wane aiki take yi?

Gunduma mataki ne na mulki da ke tsakanin gwamnatin jiha da hukumomin birane da ƙauyuka. Wiskonsin tana da gundumomi 72, kuma a kowace ɗaya akwai majalisa ta zaɓaɓɓun wakilai waɗanda ke amincewa da kasafin kuɗin shekara, su yanke yawan harajin gidaje da filaye da gunduma za ta karɓa, su kafa ƙananan dokoki, su kuma sa ido a kan hanyoyin gunduma, gidan yari, ofishin shugaban 'yan sandan gunduma da ayyukan jin daɗin jama'a. Ana zaɓen wakilan a watan Afrilu na kowace shekara mai lamba cika, wato irin su 2022 da 2024, wa'adinsu shekara biyu ne, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a gaban sunan ɗan takara a takardar ƙuri'a. Mafi yawansu ba wannan ne aikinsu na cin abinci ba. Manoma ne da malamai da 'yan kasuwa da waɗanda suka yi ritaya, suna halartar zama da yamma ko da rana, a biya su ɗan alawus.

Shin yawan jama'a ne yake yanke adadin kujerun kai tsaye?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Abin da dokar jihar ta yi, a sashe na 59.10, shi ne ta kasa gundumomi rukuni-rukuni bisa yawan mutanensu, ta kuma gindaya wa kowane rukuni iyakar da ba za a wuce ba. Gundumar da mutanenta suka kai 100,000 amma ba su kai 750,000 ba, ba za ta wuce kujeru 47 ba. Wadda take tsakanin 50,000 da ƙasa da 100,000 iyakarta 39 ce, wadda take tsakanin 25,000 da ƙasa da 50,000 iyakarta 31, wadda kuma ba ta kai mutum 25,000 ba ba za ta haura 21 ba.

Abin lura shi ne doka ta faɗi iyakar sama ne kawai. Ba ta ce dole a cika ta ba. Saboda haka gundumar da take da ikon kafa kujeru 47 tana iya tsayawa a kan 25 ko 11 ba tare da ta saɓa wa kowa ba, kuma majalisar gundumar ce da kanta take zaɓar adadin bayan kowace ƙidaya. Yawan jama'a yana shata fili ne, siyasar cikin gida kuma ita ke nuna inda za a tsaya a cikinsa.

Gundumomi biyu ba sa cikin wannan lissafi. Ta farko Milwaukee ce, wadda ita kaɗai ta haura mutum 750,000, don haka tana da tanadi na daban. A da iyakar da ta ware ta 500,000 ce, aka ɗaga ta domin kada gundumar Dane, inda Madison babban birnin jihar yake, ta faɗa cikin ƙa'idojin da aka tsara musamman saboda Milwaukee yayin da mutanenta suka ƙaru. Ta biyu Menominee ce, ƙasar ƙabilar Menominee ta 'yan asalin nahiyar, wadda gaba ɗayanta hukumar karkara guda ce, shi ya sa majalisar wannan hukuma mai mutum 7 ita ce kuma majalisar gunduma.

Idan gunduma ta kusa shiga rukuni na gaba amma ta gaza da 'yan ɗaruruwa fa?

Doka ta yi wa wannan sassauci. Idan yawan mutanen gunduma bai gaza mafi ƙarancin adadin rukuni na gaba da fiye da kashi 2 cikin 100 ba, tana iya amfani da iyakar wancan rukuni. Gundumar da ƙidaya ta nuna tana da mutum 49,200, alal misali, tana iya kafa kujeru har 39 maimakon ta tsaya a 31, tunda kashi 2 cikin 100 na 50,000 mutum 1,000 ne. Amfanin wannan ya fi bayyana ga gundumar da mutanenta suka ɗan ragu, domin ba za a tilasta mata soke kujeru takwas ba saboda 'yan iyalai kaɗan sun yi ƙaura.

Me ya sa gundumar da ta fi kowacce jama'a ba ita ce ta fi kujeru ba?

Ƙidayar 2020 ta nuna Milwaukee tana da mutum 939,489, amma kujerun majalisarta 18 ne, wato kowane wakili yana ɗauke da mutum fiye da 52,000. Marathon, da ke tsakiyar jihar, mutanenta 138,013 ne, kujerunta kuwa 38, kowane wakili da mutum kusan 3,600. Dane tana da mutum 561,504 da kujeru 37. Waukesha, mai mutum sama da 400,000, ta tsaya a kan 25, ita kuwa Walworth, wadda mutanenta suka ɗan haura 100,000 kuma doka ta ba ta damar kai wa 47, kujeru 11 kacal take da su.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ga cewa babu wata ƙa'ida da ta ce mutum kaza ya kamata su sami wakili ɗaya a faɗin jihar. Dalilan bambancin na tarihi ne da na yanayin ƙasa. Marathon ita ce mafi faɗin ƙasa a jihar, tana da hukumomin karkara masu yawa waɗanda kowaccensu ta saba da ganin nata mutumin a zauren majalisa, don haka duk lokacin da aka kawo maganar ragewa sai ta ci karo da turjiya. Milwaukee kuwa birni ce, kowane taƙi na ƙasarta yana ƙarƙashin wata hukumar birni ko ta ƙauye, kuma ta bi hanyar rage kujeru, daga 25 zuwa 19 a 2004, sannan zuwa 18 a 2012.

Daga ina waɗannan manyan majalisu suka samo asali?

Kafin 1965, a mafi yawan gundumomin jihar, ba a duba yawan jama'a ko kaɗan. Tsarin da ake bi shi ne kowace hukumar karkara shugabanta yana da kujera a majalisar gunduma, kowane ƙauye mai hukuma yana da wakili ɗaya, kowace unguwar zaɓe ta birni ita ma tana da ɗaya. Sakamakon haka shi ne hukumar karkara mai mutum ɗari uku tana da ƙuri'a ɗaya daidai da unguwar birni mai mutum dubu goma, kuma duk lokacin da aka ƙirƙiri sabon ƙauye sai majalisa ta ƙaru da kujera. Mutanen karkara, ko da su ne marasa rinjaye, su ke riƙe da akalar kasafin kuɗin da mazauna birni suka fi zuba wa haraji.

A 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Reynolds da Sims cewa dole mazaɓun majalisun dokokin jihohi su kasance kusan daidai a yawan jama'a. Shekara ɗaya bayan haka, a shari'ar Sonneborn da Sylvester, Kotun Ƙolin Wiskonsin ta ce wannan ƙa'ida ta shafi majalisun gundumomi ma, ta rushe tsohon tsarin, sai majalisar dokokin jihar ta kafa sabuwar doka wadda ta raba gundumomi rukuni-rukuni. Iyakokin da aka sa sun yi yawa idan aka kwatanta da na sauran jihohi, kuma ba abin mamaki ba ne, domin an tsara su ne ga majalisun da suka riga suka cika maƙil da wakilai waɗanda babu mai son barin kujerarsa.

Hukuncin da ya game ƙasar baki ɗaya ya zo ne a 1968, a shari'ar Avery da gundumar Midland ta Jihar Teksas. Alƙaluman wannan shari'a sun isa su bayyana matsalar ba tare da dogon sharhi ba. Gundumar tana da mazaɓu huɗu: ɗaya, wadda ta ƙunshi kusan dukan birnin Midland, tana da mutum 67,906, sauran ukun kuwa suna da 852 da 828 da 414. Wato mutanen da ba su kai 2,100 ba suna da wakilai uku, kusan 68,000 suna da ɗaya. Kotu ta ce wannan ya saɓa wa gyara na 14 na kundin tsarin mulki, wanda ya tabbatar wa kowa kariya iri ɗaya a gaban doka.

To, a ina ne yawan jama'a yake da cikakken iko?

A wajen rabon kujerun a cikin gunduma. Da zarar majalisa ta zaɓi adadin kujerunta, sai a raba yawan mutanen gunduma da wannan adadi, abin da ya fito shi ne gwargwadon da kowace mazaɓa za ta yi ƙoƙarin kusanta. A ɗauka gunduma tana da mutum 60,000 ta kuma zaɓi kujeru 30. Kowace mazaɓa ya kamata ta ƙunshi mutum 2,000. Idan mafi girma tana da 2,100, ta haura da kashi 5 cikin 100, idan mafi ƙanƙanta tana da 1,900, ta gaza da kashi 5, sai a haɗa su a ce tazarar kashi 10 ce. Kotunan tarayya sun daɗe suna ɗaukar tazarar da ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba a matsayin ƙarama, wadda ta wuce haka kuwa sai hukuma ta kawo hujja mai ƙarfi. An taɓa karɓar irin wannan hujja: a 1971 Kotun Ƙoli ta bar gundumar Rockland ta Jihar Niyok da tazarar kashi 11.9, saboda daɗaɗɗiyar alaƙar da ke tsakanin gundumar da hukumomin garuruwanta.

Aikin kansa yana tafiya ne mataki uku, kowanne kwana 60. Bayan alƙaluman ƙidaya sun iso, majalisar gunduma tana fitar da taswirar wucin gadi wadda ta nuna adadin mazaɓu da iyakokinsu, ta kira taron jin ra'ayin jama'a. Daga nan hukumomin birane da ƙauyuka su gyara ƙananan shiyyoyinsu na zaɓe domin su dace da taswirar. A ƙarshe gunduma ta sake kiran taro, ta amince da taswira ta dindindin. A 2021 wannan jadawali ya shiga matsi, domin annobar korona ta jinkirta alƙaluman ƙidaya har zuwa watan Agusta, alhali 'yan takara za su fara tattara sa hannun masu goyon bayansu ranar 1 ga Disamba, sai gundumomi suka ƙuntata aikin wata shida cikin wata uku da 'yan kwanaki.

A nan ne kuma ake ganin illar yawan kujeru a ƙaramar gunduma. Inda mazaɓa take da mutum 400, kashi 5 cikin 100 mutum ashirin ne kacal, wato gidaje shida ko bakwai a bakin hanya ɗaya sun isa su ɓata lissafi, ma'aikacin da ke zana taswira kuma dole ya raba hukumar karkara biyu ko da mutanenta ba su so.

Su wane ne ake ƙirgawa: masu zaɓe ko dukan mazauna?

Dukan mazauna ake ƙirgawa, har da yara da baƙin da ba 'yan ƙasa ba, domin ƙidayar da gwamnatin tarayya take yi duk shekara goma mutane take ƙirgawa ba masu rajistar zaɓe ba. A 2016, a shari'ar Evenwel da Abbott, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa jiha tana da ikon amfani da jimillar mazauna wajen shata mazaɓu.

Inda gardama take shi ne batun fursunoni. Hukumar ƙidaya tana lissafa ɗan sarƙa a inda gidan yarin yake, ba a garinsu ba, haka ma ɗalibin jami'a a inda yake kwana. A gunduma irin Dodge, wadda take da manyan gidajen yari a Waupun da Fox Lake, mazaɓa tana iya cika adadinta a takarda da mutanen da ba su da damar jefa ƙuri'a, sai ya zama 'yan kaɗan da ke zaune kewaye da gidan yarin su ne ke zaɓar wakili, ƙuri'arsu ta fi ta maƙwabtansu nauyi. A matakin jiha tasirin wannan ba shi da yawa, amma a mazaɓar da gaba ɗayanta ba ta wuce mutum dubu uku ba, fursunoni dubu ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Jama'a suna da ta cewa a kan girman majalisarsu?

Suna da ita, tun daga 2006. Kafin nan, ban da Milwaukee mai tanadi na daban, ba a taɓa adadin kujeru sai bayan ƙidaya. Sabuwar dokar ta ba da damar a rage adadin sau ɗaya tsakanin ƙidaya da ƙidaya, ko dai majalisa ta yi da kanta, ko kuma masu zaɓe su tattara sa hannun da ya kai kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa wa 'yan takarar majalisar gunduma a zaɓen baya, a kai maganar ga ƙuri'ar raba gardama. Ragewa kawai dokar ta yarda da shi a tsakiyar zango. Ƙari sai an jira ƙidaya.

Ta wannan hanya ce Walworth ta sauko daga 25 zuwa 11, Waukesha kuma daga 35 zuwa 25. Labarin Fond du Lac ya fi koyar da darasi: an zaftare majalisarta daga 36 zuwa 18, amma da aka zo sabon rabo bayan ƙidayar 2010 sai aka mayar da ita 25.

Wacce ta fi amfani, ƙaramar majalisa ko babba?

Masu son ragewa suna cewa ƙaramar majalisa ta fi saurin yanke shawara, ta fi arha, kuma idan kujeru sun yi kaɗan takara tana yin zafi, maimakon halin da ake ciki inda wakilai da dama suke komawa kujerunsu ba hamayya. Masu adawa suna cewa aikin majalisar gunduma a kwamitoci ake yin sa, na kuɗi da na hanyoyi da na lafiya da sauransu, kuma idan mutum goma sha ɗaya ne za su raba kwamitocin da mutum talatin suke ɗauka, to mai aikin yini ba zai iya ba, sai mai hali ko wanda ya yi ritaya. Suna ƙarawa da cewa idan mazaɓa ta faɗaɗa, birni yana haɗiye karkara, kuma kuɗin yaƙin neman zaɓe yana ƙaruwa.

Hujjar arha ita ce mafi rauni a cikinsu duka, domin alawus ɗin wakilai ɗigo ne a cikin kasafin kuɗin gunduma idan aka kwatanta da abin da hanyoyi da gidan yari da ayyukan jin daɗin jama'a suke ci. Tambayar da ta fi cancanta a yi ita ce wa zai karɓi ikon da ya kuɓuce wa majalisa idan ta ƙanƙance, kuma sau da yawa amsar ita ce zaɓaɓɓen shugaban gunduma ko manyan ma'aikatan da aka naɗa. An ga wani abu mai kama da haka a Milwaukee, inda dokar jiha ta 2013 ta rage ikon majalisa ta ƙara na shugaban gunduma, ta mayar da wa'adin wakilai shekara biyu daga huɗu, sannan masu zaɓe suka amince a 2014 a rage albashinsu da kusan rabi.

Haka sauran jihohin Amurka suke yi?

Ba haka ba ne, kowace jiha da nata. Mishigan ta fi kusa da Wiskonsin, domin ita ma tana da rukunai bisa yawan jama'a, sai dai iyakarta ta sama 21 ce, kuma a yawancin gundumominta ba majalisa ce take yanka wa kanta ba: wani kwamiti ne na mutum biyar, wanda ya ƙunshi magatakardan gunduma, ma'aji, mai gabatar da ƙara da shugabannin manyan jam'iyyu biyu na gundumar. Teksas ba ta duba yawan jama'a sam wajen yanke adadin kujeru. Gundumominta 254 kowacce tana da kwamishinoni huɗu da shugaba ɗaya, daga Harris mai mutum sama da miliyan 4.7 har zuwa Loving wadda ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 a cikinta.

A Kalifoniya ma biyar ne kusan ko'ina, ban da San Francisco mai 11. Gundumar Los Angeles, mai mutum kusan miliyan 10, wakilai biyar ne suke mulkinta, kowanne da mutum kusan miliyan biyu, fiye da ninki biyu na abin da ɗan majalisar wakilan tarayya yake wakilta. Mazaɓu masu wannan girma suna iya danne tsirarun al'umma, kamar yadda kotun tarayya ta gano a 1990 cewa an shata iyakokin ta yadda za a warwatsa ƙuri'un 'yan asalin Latin Amurka; bayan an sake shata su ne Gloria Molina ta ci zaɓe a 1991. A Nuwamban 2024 masu zaɓen gundumar suka amince a ƙara kujerun zuwa tara bayan ƙidayar 2030.

Ana iya barin kowane gari da wakilinsa ba tare da an saɓa wa ƙa'idar daidaito ba?

Wasu gundumomin Jihar Niyok sun yi haka. Sun bar shugaban kowane gari a kan kujerarsa, amma suka bambanta nauyin ƙuri'unsu gwargwadon yawan mutanen da kowa yake wakilta, ta yadda ƙuri'ar wani tana iya ninka ta abokin zamansa sau goma. A 1967 babbar kotun jihar ta ce bai isa a raba nauyin da lissafi mai sauƙi ba, dole a auna sau nawa ƙuri'ar kowane wakili take iya sauya sakamako, domin wakilin da yake riƙe da fiye da rabin nauyin ya mayar da sauran 'yan kallo.

Akwai makamancin wannan tsari a Najeriya?

Akwai, sai dai a matakin majalisun dokokin jihohi ya fi fitowa. Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha za su ninka kujerunta na Majalisar Wakilai sau uku ko huɗu, amma kada su gaza 24 kada kuma su wuce 40. Kano tana da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, wanda ninkinsa uku 72 ne, amma iyakar sama ta tsayar da ita a 40 alhali ƙananan hukumominta 44 ne, shi ya sa wasu ƙananan hukumomi biyu suke tarayya a kan ɗan majalisa ɗaya. A ƙananan hukumomi 774 kuwa, kansila ɗaya ake zaɓa daga kowace mazaɓa, don haka adadin kansiloli yana bin adadin mazaɓu ne, ba yawan mutanen da ke cikinsu a yau ba. Babban bambancin da ke tsakanin wuraren biyu shi ne ƙidaya: a Wiskonsin ana sake awo duk shekara goma, gundumomi kuma su sake taswira a shekarar da ta biyo baya, a Najeriya kuwa ƙidaya ta ƙarshe ita ce ta 2006, kuma unguwannin bayan gari da suka cika suka batse tun daga lokacin suna nan a cikin tsofaffin iyakokinsu.